Daminar da Na Zo Na Ɗaya a Turanci

Ranar Juma'ar da ta wuce ruwa ya tsare ni a shago tun da aka sauko daga masallaci. Maganin ƙwari da na dabbobi nake sayarwa a kasuwar Kaura, kuma bana ciniki sai a hankali, don rabin masu sayen kayana sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga, suna zaune cikin gari suna kallon hadari yana wucewa. Ina sauraron ɗigon ruwa a bokitin da na tara wa rufin kwano, sai ga autata Shafa'atu ta faɗo da gudu, hijabinta ya jiƙe sharkaf, ta rungume wani kati a cikin leda. Ajinta ɗaya a ƙaramar sakandare, ranar aka ba su hutu.

"Baba, ni niz zo ta ɗaya ga Turanci!"

Na sa mata albarka. Sannan, ban san abin da ya kai hannuna ba, na miƙa kan katakon da nake jera kaya na sauko da kwalbar maganin kaska, na ce ta karanta mini abin da ke jiki. Ta karanta tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo, ba ta yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba.

"Madalla," na ce. "Tau ƙaƙa a ka ba dabba shi?"

Ta dubi hoton saniyar da ke jikin kwalbar, ta dube ni, ta haɗiye yawu.

"Sha a ka ba ta, Baba."

Ba haushin yarinyar na ji ba, ƙyama ce ta taso mini, har da wani wari da na yi zaton na rabu da shi shekara talatin da wani abu. Sai da na zauna.

Shekarar da nake nufi ni ma ajina ɗaya. Bazarar ta yi tsawo har mutane suka fara duban juna. In ka taka ƙasa da rana ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Rijiyar ƙauyenmu, can gefen Sakajiki, ta koma laka, mata su yi sammako su dawo da rabin tulu na jan ruwa, a bari ya kwanta kafin a sha. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso ta kwashe dangar mutane, sai ya watse ba ko ɗigo. Sau biyu aka fita roƙon ruwa. Inna ta canza ƙwaryar awo ta koma ƙarama ba ta gaya wa kowa ba, amma mun gani a malmalar tuwo.

Abin da ya riƙe gidanmu a lokacin shanun huɗa ne guda biyu, Fari da Ɓaleri. Ja'e, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gonarmu, shi ya zaɓo wa babana su tun suna maruƙa, shi kuma ya raɗa wa baƙin suna Ɓaleri, wato baƙi da Fillanci. Da su Baba ke huɗe gonarmu cikin kwana huɗu, sannan ya huɗe ta wasu su ba shi hatsi da kaka. In an yi surfe, sai an ɗebar musu dusa kafin a waiwayi awaki. Ɓaleri yana da wata ɗabi'a, duk ran da na dawo gida sai ya tura hanci cikin aljihuna yana neman kanwa, in bai samu ba ya ture ni da kai.

Ni kaɗai ne namijin da ya isa riƙe hauya a gidan. Yayyena mata biyu suna ɗakunansu, ƙannena kuwa ba su wuce korar kaji daga shanya ba. Duk da haka Baba ya cire ni daga gona ya kai ni Kaura gidan kawuna, in yi makaranta Litinin zuwa Juma'a in dawo. Mutane suka ce, Bawa, ka yi wauta. Ya ce ya gaji da ɗaukar takarda gida-gida yana neman mai duba masa, yana so shi ma a samu ido a gidansa.

Malamin Turancinmu Malam Sambo ne. Dogo, mai tsabta, kullum da biro uku a aljihu. Ba mu taɓa ganin ƙasa a farcensa ba, alhali yana da gona a bayan layin dogo wadda ta ninka ta ubana sau uku. Da rani yakan shigo ya cika allo da rubutu, ya ce mu kwafa, ya fita ya zauna gindin dogon yaro. Amma ran da ruwan shuka ya sauka, darasin Turanci ya tashi daga aji ya koma gona.

Na tuna ruwan. Da hantsi ya sauko muna aji, ƙanshin ƙasa ya shigo ta taga, kwano ya ɗauki ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Duk ɗan manomin da ke ajin hankalinsa ya tafi gida. Na san a daidai lokacin Baba yana laluben sungumi, kuma ba mai bin bayansa da iri sai Inna da goyo. Kafin a tashi Malam Sambo ya ce gobe kowa ya zo da ƙwarya. Mu arba'in da 'yan kai, muka shuka masa gero da dawa da gyaɗa kafin azahar.

Kada a ce bai koyar ba. Ya koyar, irin tasa koyarwar. Da aka shiga noma sai ya tsara abin kamar gayya. Mu jeru a bakin gona kowa da kuyyarsa, monita ya tsaya a gaba da littafi guda ɗaya tak da ajin ke da shi. Monita ya ɗaga murya ya faɗi layi, mu amsa, hauya ta sauka. Ya faɗi na biyu, mu amsa, hauya ta sauka. Haka muka haddace labarai shida na auna fahimta, da tambayoyin da ke ƙarƙashinsu, da amsoshin. Haka muka haddace rubutun kalmomi masu wuya, kowane harafi sara ɗaya. Ƙa'idojin nahawu ma rera su muke yi da amshi, har masu wucewa a kan jakuna su ja linzami su ce kai, yaran nan sun sha boko. Shi kuwa Malam yana inuwar tsamiya a kan kujerar da biyu daga cikinmu ke ɗauko masa daga ofis, da rediyo a cinya.

Har yau zan iya rera maka labarin farko daga kai har wutsiya in dai ka ba ni hauya. Sai daga baya na gane ashe labarin wani yaro ne da ya je bakin teku kallon jiragen ruwa. A lokacin ban san ko maganar teku ake yi ko ta tuwo ba. Ba wanda ya taɓa tambayarmu me abin ke nufi, mu ma ba mu tambaya ba, in ban da Asabe.

Asabe 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa ce, an yi ta yawo da su gari-gari kafin a kawo su Kaura. Ta iya karatu na gaske, irin wanda mutum zai karanta ya yi dariya a inda ake dariya. Hauya ce ba ta iya ba. Kwana biyu tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta riƙa naɗe shi da ɗankwali. Wata rana, rana ta take, ƙishirwa ta bushe mana maƙogwaro, ta miƙe a tsakiyar kuyya ta ce, "Malam, ba za a yi mana bayanin labarin ba?"

Bai ko rage rediyon ba. "Bayani shina ƙarshen kuyya," ya ce. "Duƙa ki iske shi."

Ajin ya kwashe da dariya. Ni na fi kowa, Allah ya yafe mini.

Maki kuwa a bakin gona ake rubuta shi. Wanda ya fitar da kuyya goma ya samu goma. Ni da aka haifa tsakanin kuyya da kuyya, kafin 'yan gari su kai rabi na juyo. Malam ya riƙa nuna ni yana cewa ga ɗalibi, kaina kuwa ya yi ta kumbura. Ran Juma'a in koma gida in tarar harƙiya ta kai gwiwa a gonarmu, gero ya yi siriri a cikinta, Baba shi kaɗai a duƙe. In yi noman Asabar da Lahadi da ragowar ƙarfin da Malam Sambo ya bar mini. Ban taɓa gaya wa Baba inda sauran ke tafiya ba. Shi a zatonsa biro ne ke gajiyar da ni, har yakan ce wa Inna ta ƙara mini fura, wai aikin ƙwaƙwalwa ya fi na hauya cin jiki. Inna ta rage nata ta ƙara mini, ni kuma in shanye.

Jarrabawa ta zo, biyu daga cikin labaran nan shida suka fito, muka juye su yadda aka zuba mana. Aka haɗa da makin gona. Malam ya ce ba mai ganin katinsa sai an gama masa maimai, wato noma na biyu, a gonar kuma aka raba. Na zo na ɗaya. Asabe ta zo ta goma sha tara.

Baba ya karɓi katin da hannu biyu, a juye ma ya riƙe shi sai da na gyara masa. Ya kai shi masallaci, ya kai wa mai unguwa, ya taka har rugar Ja'e ya nuna. Inna ta sa aka yanka zakaran da take tanadi don salla, a cikin wannan ƙarancin. Aka ba ni cinya, na cinye na tsotse ƙashi, ko gezau.

A makon ne Ɓaleri ya fara rama. Kaska ta cika masa kunnuwa da mara, gashinsa ya tashi, yana cin ciyawa kamar ana tilasta masa. Ga gero ya isa huɗa, ƙasa ta yi laushi daidai, in aka bar kwana goma suka wuce sai dai haƙuri. Ja'e ya ba shi jiƙon sassaƙe, ya ɗan farfaɗo, amma Baba yana gaggawa. Akwai wani maƙwabcinmu mai kai goro kasuwar Shinkafi ran Alhamis, Baba ya ba shi saƙo ya sayo maganin Bature na sa mai rama. Mutumin ya dawo da yamma da wata kwalba. Ya ce mai shagon ya yi masa bayani amma hayaniyar kasuwa ta kwashe, kuma ai komai yana rubuce a jiki, ga ku da ɗan boko a gida.

Da safe bayan an sha kunu aka taru a turke. An yi yayyafi da asuba, ƙasa na tururi, ƙudaje sun addabi kowa. Baba ya goge kwalbar da bakin rigarsa ya miƙo mini a gaban Ja'e da maƙwabta biyu.

"Sa'idu, duba muna. Mi anka ce?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Haruffa dai na san su, na haɗa, bakina ya kama aiki. Na karanta da ƙarfi da muryar gonar Malam Sambo, har kafaɗata na motsi tana neman hauya. Maƙwabta suka ce masha Allahu. Na kai ƙarshe ban tsinci komai ba, don wannan ba ya cikin labarai shida. Kalma biyu kawai na gane, saniya da ruwa.

"Tau ƙaƙa a ka ba shi?" in ji Baba.

Abin da ya kamata in faɗa gajere ne, yaro ƙarami ma zai iya faɗinsa. Amma ga katin a aljihun Baba, ina ganin kusurwarsa ta leƙo. Ga mutane sun zuba mini ido. Na tuna zakaran Inna. Na ce a raina, magani dai sha ake yi.

"A gauraya da ruwa kaɗan a ɗura mai," na ce.

"Duka?"

"Rabi yanzu, rabi gobe."

Har da rabi gobe! Wallahi ban san inda na samo wannan ba.

Ja'e ya karɓi kwalbar ya buɗe, ya kai hanci, ya kawar da kai ya tofar da yawu.

"Bawa, wanga ba na ciki ba na. Warin na wanka ni ka ji. Irinai anka zuba ma shanunmu ga jiki shekarar da likitocin dabbobi sunka zo. Kak ka ba shi."

"Ja'e, kai hanci kas sa, yaro ko takarda yad duba."

"Hancin ga shekara arba'in shina bin shanu."

"Na ɗaya yaz zo, Ja'e. Na ɗaya cikin ɗiya arba'in. Bature yar rubuta, ɗana yak karanta, mi ar rage?"

Ja'e ya juyo ya dube ni. Jira yake yi. Har yau in na rufe ido ina ganin kallon nan. Dama ce ta biyu ya ba ni, ita ma na tsallake ta.

"Hakanan anka rubuta," na ce.

Ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya ce shi babu hannunsa a ciki, ya kama hanyar ruga.

Ni na riƙe wa Baba hancin Ɓaleri. Ya saba da ni, shi ya sa bai yi gardama sosai ba. Da aka zuba maganin a ruwa sai ya koma fari kamar tsinkakken nono, warinsa na hawa kai. Baba ya ɗaga masa baki ya ɗura masa da kwalbar lemo yana bisimilla.

Kafin rana ta take ya fara dalala, yawu na zuba kamar igiya. Jikinsa ya kama ɓari, ya yi zawo ya ɓata turken duka, ya durƙusa, ya tashi, ya sake faɗuwa. Aka ruga kiran Ja'e. Bai tsaya cewa na gaya muku ba, ya zo da gudu da ƙwaryar madara ya ɗura masa, bai yi amfani ba. Wani ya ce a kawo wuƙa kafin ya zama mushe. Ja'e ya ce ko an yanka ba mai cin naman nan sai wanda ya gaji da duniya. Baba ya tsaya da wuƙar a hannu, bai yanka ba, bai ajiye ba, har Ɓaleri ya miƙe ƙafafu. La'asar ba ta yi ba.

Fari muka ɗaura wa igiya ya ja ɗan'uwansa zuwa bayan gari. Muka haƙa rami muka binne, don kada karnuka su ci su mutu, don kuma kada yunwa ta sa wani ya yi abin da bai kamata ba. Ruwan da aka yi kwana biyu a jere ya buɗe gefen ramin. In iska ta juyo sai warin ya shigo har tsakar gida, muna cin tuwo muna shaƙarsa. Shi ne warin da ya taso mini a shago.

Aka yi ta zuwa jaje kamar an yi rashin mutum. Wasu suka ce mai shagon Shinkafi ne ya ba da jabu, wasu suka ce baki ne ya kama san. Ba wanda ya kawo sunana, ai ni na ɗaya ne. Ja'e kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru, shirun da ya fi mini zagi ciwo. Rana ta uku na sa kwalbar a aljihu na taka har Kaura cikin caɓi, na sami Asabe a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi tana wanke-wanke. Ta goge hannu, ta karanta a zuci, ko baki ba ta motsa ba.

"Na kaska ne," ta ce. "Murfi ɗaya a bokitin ruwa, a wanke jikin dabba da shi. Nan kuma da jan rubutu an ce guba ne, kada a bari ta lasa, mutum ma ya wanke hannu in ya gama. Me ya faru?"

Jan rubutun nan na karanta shi a turke da babbar murya, har sau biyu, don ya fi sauran daɗin faɗi.

Na dawo na tarar da Baba a gona shi kaɗai da garmar hannu. Karkiya ta shanu biyu ce, Fari ba ya ja shi ɗaya, kuma kowa yana kan tasa huɗar, ba mai ba da aron sa a irin wannan mako. Na tsaya a bakin kuyya na gaya masa abin da Asabe ta ce. Na gaya masa gonar Malam Sambo da yadda ake samun maki. Ya saurara yana dogare da ƙotar garma, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na so ya dake ni, wallahi na so.

"Sa'idu, tambaya guda za ni yi ma. Ka iya, ko ba ka iya ba?"

"Ban iya ba, Baba."

"Tau. Da ka hwaɗi hakanan ran Juma'a, da yanzu muna da sa."

Ya zaro katin daga aljihu, ya jiƙe da gumi har tawadar ta bazu, ya miƙo mini.

"Riƙe abinka. Ɗauko garma."

Aikin da shanu ke yi cikin kwana huɗu muka yi mako uku a kansa ba mu kai rabi ba. Mu fita kafin rana ta ɓullo, Inna ta biyo mu da hantsi da kunu wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Ƙasa ta yi nauyi, kowane sara sai ka ji shi a ƙugu. Muna cikin haka marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, tufafi ba sa bushewa, ɗaki na warin danshi, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Ɓangaren da ba mu huɗe ba ruwa ya kwanta a kansa, geron ya yi ɗorawa ya zube. Masu ba Baba huɗa su biya da hatsi duk suka nemi wasu.

Rumbu ya ƙare tun gero bai yi kai ba. Na ga Inna ta shiga ciki da tsintsiya tana share ƙasansa. Muka koma tafasa da rama, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, ba ƙuli-ƙuli balle mai. Dusar da a da ake ɗebar wa Ɓaleri ita aka riƙa tuƙa mana, tana kartar maƙogwaro tana sauka. Ƙannena su yi kuka har su gaji su yi barci da rana tsaka. In an tambayi Inna sai ta ce ta ci a madafi, alhali duk mun san ba abin da ke madafin sai toka. Bayan Baba kuwa tun daga wannan huɗar bai ƙara miƙewa daidai ba, a zaune ya ƙarasa sallolin rayuwarsa. Ran da muka gasa tumun farko ƙanena ya ci da zafinsa har ya ƙone baki, ba wanda ya hana shi. Abin da muka girbe bai kai rabin na bara ba, da rani Fari ma ya tafi kasuwa.

Kawuna ya ce a kai ƙara wurin shugaban makaranta. Baba ya tambaya wa ke nome gonar shugaban. Aka ce 'yan aji biyu. Ya ce to a bar maganar.

Na zaci ba zai mayar da ni ba, amma da hutu ya ƙare shi ya raka ni bakin hanya. Aikin farko da muka yi da komawa shi ne girbin Malam Sambo. Geronsa ya yi kyau, ba ciyawa ko ɗaya, ai hannu arba'in suka nome shi sau biyu. Muka ɗauko dammuna a ka muka ratsa gari a jere har gidansa, muna rera labarin bakin teku. Na ɗauka, na rera, ban ce komai ba. Cikin duk abin da ya faru a daminar nan, wannan ne har yau in na tuna nake jin kamar in tofa wa kaina yawu.

Asabe ce ta koya mini karatu, 'yar shekara goma sha uku, ta goma sha tara a aji. Lokacin tara muke zama gindin dogon yaro, in karanta layi ɗaya, ta rufe littafin da tafin hannu ta ce, "To faɗa mini da Hausa." In na fara kame-kame ta ce, "Ka ce ba ka sani ba mana, ba cizo yake yi ba." Zango biyu muka yi haka aka yi wa babanta canjin wurin aiki, ban sake jin labarinta ba. Shi ya sa a shagon nan ba na miƙa wa mutum kwalba sai na karanta masa na fassara, ko yana sauri ko ba ya sauri. Har tsokanata ake yi a kasuwa, wai wurin Sa'idu magani kyauta ne, wa'azin ake saye.

Bara waccan Malam Sambo da kansa ya shigo sayen maganin ciyawa, ya tsufa, ga carbi a hannu. Ya dubi mutanen da ke zaune a benci ya ce, "Wanga ɗalibina na. Ni nik koya mai Turanci, na ɗaya yaz zo." Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa kwalbarsa na fassara kamar kowa. Da ya fita na ɗauki buta na kuskure baki.

Su Shafa'atu ba a kai su gona. Wane malami ne yau zai yarda ya tsallaka layin dogo da yara arba'in? Shi ya sa na saki jiki, na ɗauka abin ya wuce da zamaninmu. Nakan duba littattafanta in ga rubutu tsaf, ga jan biro ya bi ya sa daidai, daidai, daidai, in ji daɗi in rufe. Ban taɓa tambayar yadda ake yi ba sai ranar. Ashe malam ke rubuta labari a allo, da tambayoyi, da amsoshi, su kwafa su haddace, ran jarrabawa su mayar masa da kayansa. Ni da nake tsare baƙo da fassara a shago, 'yata ta shekara a ƙarƙashin hancina tana rera abin da na rera.

Ruwa bai tsaya ba. Tana nan tsaye riƙe da kwalbar tana jiran in ce ta yi daidai. Na ji muryar Baba tana fitowa daga bakina.

"Shafa, tambaya guda za ni yi miki, ba duka, ba hwaɗa. Kin gane abin da kik karanta, ko ba ki gane ba?"

Ruwa ya ɗiga a bokitin sau uku ko huɗu. Ta dubi katin da ke cikin leda, ta murɗa bakin hijabinta, idonta ya kawo ruwa.

"Ban gane ba, Baba. Ko guda."

"Alhamdu lillahi," na ce. "Kin riga ni da sa guda."

"Wane sa?"

"Jawo benci, za ki ji labarinai. Aje katin can, miƙo kwalbar. Daga jan rubutun za mu hwara."